Dattijon da ya gyara min katakon cikin Marsandin mahaifina

Marsandin da nake hawa ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. 230E ce ƙirar 1991, irin wadda ake kira V-boot. Injinta lafiya ƙalau, amma katakon da ke kewaye da giya ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Karcen makulli birjik, ga wani guri kusa da madannin gilashi da ya ɓantare kamar girman ƙwayar wake, ga tsaga guda da ta miƙe kusan tsawon yatsa. Duk lokacin da na kai hannu zan sa giya sai idona ya sauka a kai, kuma na san yadda marigayin yake tattalin wurin nan.

Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na fara zuwa neman na Baljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje. Uku aka fito min da su, kowanne da tasa tsagar, ɗaya ma launinsa ya sha bamban da na jikin ƙofofina. A nan wani mai sayar da fitilu ya yi min kwatancen wani dattijo, tsohon kafinta, da ke wani ɗan shago bayan garejin masu fenti.

Bai fara da maganar kuɗi ba. Farcensa ya sa ya bi karcen ɗaya bayan ɗaya, ya kuma karkata kansa yana duban wurin ta gefen haske. Sannan ya ce, "Ɗana, katakonka bai ji ciwo ba, rigarsa ce ta ji." Ya yi min bayani cewa icen da ke wurin ɗan siriri ne, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, an manna shi a kan wani abu mai ƙwari, aka zuba masa ruwan ƙyalli mai kauri ya daskare kamar gilashi. Zafin da mota ke ɗauka idan ta yini a rana cikin watan Afrilu, da bushewar hunturu, su ke sa icen ya riƙa motsi, rigar kuma ta kasa binsa, sai ta tsage. Icen nan mai ratsi-ratsi sunansa zebrano, daga dazukan Kamaru da Gabon yake fitowa. Na jima ina mamakin haka: daga maƙwabtanmu ya tafi Jamus, ya dawo Kano a jikin mota.

Na roƙe shi ya bar ni in ga aikin, ya ce bismillah. Da ya cire katakon, wanke shi ya fara yi sosai, don man da masu wankin mota ke fesawa domin sheƙi yana hana duk abin da aka zuba kama jiki. Ƙananan karcen ba su ba shi wahala ba. Ya naɗe sanfefa mai lamba 1500 a jikin ɗan katako mai shafaffen ciki, yana tsoma ta a ruwa yana gogawa a hankali, ya koma 2000, ya ƙare da 3000, sannan ya bi da man goge fenti. Kafin a goga man wurin ya yi fari fat, har gabana ya faɗi. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, haka yake yi."

Inda ya ɓantare ne na ga gwaninta. Icen da ke ƙasan ramin ya koɗe, sai ya ɗauko buroshi mai tsinin allura ya mayar masa da launi, har baƙin ratsin da ya yanke ya haɗa shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Bayan ya bushe ya riƙa ɗiga sufa gulu ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo sai ya daskare kafin ya ƙara wani, har ya ɗan ɗara saman wurin. Ya liƙa salatif a gefuna biyu na reza, tsakiyarta kaɗai ke cin tudun, ya kankare har ya daidaita. Na tambaye shi, "Baba, me ya hana a goge duka da inji a huta?" Ya ce injin na huda rigar ya taɓa icen, shi ke nan, babu abin da zai dawo da shi.

Yanzu in ban nuna maka inda ramin yake ba, da wuya ka gane. Tsagar kuwa ta cike, hannu ba ya jin ta, amma idan rana ta bugo ta gefe da yamma ana ganin wani siririn layi. Ya faɗa min hakan tun kafin ya fara, shi ya sa ban ji an cuce ni ba.

Inda ban ji daɗi ba, kwana uku ya ce min, sai da aka yi tara, ina yawo da mota wayoyi a buɗe. Sannan yaronsa ya karya ɗan maƙalin roba guda wajen cirewa, gefen dama yana ɗan ƙara a hanya mai gargada. Kuɗin aikin dai bai kai rabin abin da aka nema a kan na Baljiyam ba.

Wanda zai je, ya fara tabbatar da cewa nasa katakon gaske ne. Motoci da yawa roba ce aka buga wa hoton ice, sanfefa na wuce saman sai hoton ya tafi. A gabana dattijon ya mayar da wani mai irin wannan, ya ƙi karɓar kuɗinsa.

Saura na ƙofar direba, wanda ya fara yin hazo daga ciki. Ya ce wannan sai an ɗaye rigar gaba ɗaya an zuba sabuwa, aikin mako biyu ne. Bayan Sallah zan kai masa, amma wannan karon zan roƙe shi ya cire da hannunsa.