Shatar yini guda zuwa Birnin Kudu da Dutse: duwatsun sun ci kuɗinsu, ƙauyen fim kuwa da sauran magana

Akwai direbobi a Kano da ke tallan wata shata ta mutum ɗaya: a ɗauke ka da sassafe, a kai ka duwatsun zane na Birnin Kudu, a biya da kai wani ƙauye "inda ake ɗaukar finafinan sarauta", a ƙarasa tsohon garin Dutse, a dawo da kai kafin isha. Hukuncin a taƙaice shi ne tafiyar ta cancanci kuɗin mai da wahalar hanya, amma abin da aka fi kururutawa a tallan, wato wurin fim, shi ne mafi rauni a cikinta. Wanda ya san haka tun daga gida zai raba lokacinsa daidai.

A fara da ciniki, domin a nan ake yawan samun saɓani. Zagayen gaba ɗaya, daga Mariri ta Wudil da Takai da Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, sannan Dutse, a dawo ta Gaya, ya kusa kilomita 300. Ƙaramar mota mai lafiya takan sha lita 30 zuwa 35, har da ɗan shige da fice a hanyoyin burji. Kada a yi jinga a dunƙule. A ware kuɗin mai daban, ladan direba daban, a kuma faɗi ƙarara cewa zaman jira yana ciki, domin direban da ya saba lodi a tasha yana lissafin kowace sa'a da ya yi a tsaye a matsayin asara, kuma tun kana kan dutse zai fara danna maka oda. Rabin lada a ba shi da safe, rabi in an dawo. A duba safaya da jak da ido, kada a tsaya ga "akwai, Alhaji".

Ranar tafiya ma tana da nata lissafi. Juma'a kasuwar shanu ta Wudil ke ci, tireloli da masu kora sukan cushe bakin gada, ga shi kuma ma'aikata suna tashi da wuri. Litinin kasuwar Shuwarin ce, a bakin Dutse. Talata ko Laraba sun fi sauƙi, kuma ranakun aiki ne, abin da ke da muhimmanci tunda duwatsun zanen suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke da cibiya a garin, kuma ma'aikatanta ne suka san kowane kogo. A bar Kano da an sallame asuba. Zuwa ƙarfe 9 ya kamata a ce ana gindin dutse, domin da rana ta take, falalen dutsen yakan yi zafin da ko tafin hannu ba ya dafuwa a kansa.

Birnin Kudu ita ce zuciyar tafiyar, kuma awa uku ba su yi mata yawa ba. Sunayen da za a riƙe su ne Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Zanen ba a fili yake ba, yana ƙarƙashin rumfunan dutse inda ruwan sama ba ya dukansa, shi ya sa ya kai yau. Yawancinsa shanu ne, da jan launi irin na jar ƙasa, wasu an cike jikinsu, wasu layin jiki kawai aka ja. Abin da ɗan jagora nagari zai sa ka lura da shi, wanda mai gaggawa zai tsallake, shi ne bayan shanun: da yawansu ba su da tozo. Bunaji da rahaji da muke gani a rugage yau duk masu tozo ne. Marasa tozo sai irin su muturu a kudu, ko kuri a bakin tafkin Chadi. Ke nan wanda ya yi zanen yana kallon wani garke ne daban da wanda ke kiwo a gindin dutsen yanzu, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mutum minti goma yana duba.

Sai duwatsu masu amo. Wasu ɓallin dutse ne da suka zauna a kan 'yan'uwansu ta yadda akwai sarari a ƙasa, in an buga su da dutsen da ya cika hannu sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Ramukan da ke jikinsu, masu santsi kamar cikin turmi, shaidar daɗewar bugu ce. Bernard Fagg, Baturen da ya yi aikin kayan tarihi a Jos, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, kuma daga nan sunan Birnin Kudu ya shiga bakin masana a waje. Dattawan gari kuma suna danganta wuraren da al'adun biki na da, lokacin da amare da ƙawayensu kan hau dutse. A bar ɗan jagora ya fara bugawa, a kuma buga a cikin tsohon rami kawai. Sabon wuri in an doke shi ɓarewa yake yi.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Wani zai ce a yayyafa wa zanen ruwa don ya fito a hoto. Yana fitowa kam, na minti biyu, amma ruwan yana jawo gishirin cikin dutse ya bar farin tabo, ya kuma ɗaga launin. A ƙi, ko da ɗan jagoran ne ya kawo shawarar. Haka shafawa da hannu, haka bin layin da alli ko gawayi. Hoto ya fi kyau ba tare da filasha ba, a tsaya a gefe yadda hasken safe zai zo a karkace. Takalmi ya zama mai ƙasan roba mai kama dutse. Silifas da takalmin fata mai santsi su ne ke kayar da mutane, balle da damina in gansakuka ta fito. Kada a fesa turare mai ƙarfi, domin ƙudan zuma na yin gida a tsagogin dutse, kuma kada a cusa hannu a ramin da ido bai ga ƙarshensa ba. Ruwan sha lita uku ga mutum ɗaya, ban da na direba.

Yanzu ga maganar fim. A wannan hanya babu wata alƙarya da aka gina domin shirya finafinai wadda za ka sayi tikiti ka shiga. Wadda gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 an janye ta bayan malamai da jama'a da dama sun ƙi amincewa, kuma ita ma can wani ɓangaren jihar Kano take, ba a kan wannan hanya ba. Abin da masu shirya finafinan sarauta suke yi shi ne neman ƙauyen da har yanzu yake da katangar ƙasa, zaure, rumbuna da darni, su nemi izinin mai gari, su yi kwanaki kaɗan, su tafi. Fadar da ka gani a talabijin sau da yawa zauren wani dattijo ce aka shimfiɗa wa kilisai, aka rataya garkuwa da takubba. Bangon bulo an rufe shi da zana, rufin kwano an kauce masa da kyamara, turken lantarki an sa bishiya ta tare shi, an roƙi mai injin markaɗe ya kashe na awa ɗaya. Alkyabba, lifidi, kakaki da jajayen rigunan dogarai duk a mota suka zo, a mota suka koma. To me ya rage da za a nuna maka? Fili, da kuka, da yaro yana cewa a nan sarki ya zauna.

Wannan ba ya nufin a soke zangon. A sauya abin da ake nema ne kawai. Maimakon "ina aka yi fim", a ce wa direba ya kai ka inda akwai tsohon soro da ba a taɓa shi da siminti ba, a nemi maginin gargajiya in yana kusa. Shi zai nuna maka tubali mai siffar ƙwai da ake jerawa a tsaye, azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, bakan gizo da ke ɗauke da rufi ba ginshiƙi a tsakiya, zankwaye a kusurwa, indararo, da makuba da ake shafawa don ruwa ya zame. In ka ga waɗannan, ka ga ainihin abin da darakta ya zo nema. Lokacin da ƙauye ya fi kyau shi ne bayan kaka, rumbu a cike, kara a tsaye, kafin hazon hunturu ya dushe komai.

Shiga ƙauye kai kaɗai da kyamara yana da ƙa'ida. Ƙofar mai unguwa ko dagaci ake fara zuwa, a cire takalmi, a ce "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Kano, na zo ganin gine-ginen da", a ajiye ɗan goro. Shi zai haɗa ka da wanda zai zaga da kai, kuma daga nan babu mai tambayarka. Iyakar namiji zaure. Ba a ɗaukar mata hoto a bakin rijiya, ba a ɗaga na'ura mai tashi sama a kan gidajen mutane. Mace mai tafiya ita kaɗai ta fi samun shiga cikin gida, ta ga ɗakunan da jere da madafa, abin da namiji ba zai gani ba. Direban da ya ce a wuce kai tsaye ba sai an gaida kowa ba, shi ne zai jawo maka tsayuwar awa guda ana bayani. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin a ƙauye sabis yakan ɗauke, taransifa ta maƙale.

Dutse takan zo ne bayan azahar, jiki ya fara sanyi, shi ya sa masu shata ke son su zaga da kai sabon gari, wanda ya bunƙasa bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, su ce an gama. Ka nace a hau Garu. Nan ne tsohon gari, a tsakiyar duwatsu, inda tsohuwar fada take, kuma daga sama za ka gane dalilin da ya sa Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya sha wuya a yaƙinsa da Dutse zamanin mai mulkinta Ada. Shiga cikin fada sai da izinin masu kula da ita, kuma ba kullum ake samu ba; ganin waje da hawan dutsen kaɗai sun isa awa ɗaya. A sayi dabinon Dutse a ƙasa, a ɗanɗana kafin a auna.

Gaya, garin maƙeran da labarin Bayajida da na kafuwar Kano suke ambata, a kan hanyar dawowa take, amma in an yi wa Birnin Kudu adalci ba za a sami lokacinta ba. A bar ta sai wata tafiyar. A tashi daga Dutse kafin ƙarfe 4:30, a yi la'asar kafin a hau titi, don a tsallake gadar Wudil da sauran haske.