Yaya, kafin ka turo kuɗin filin nan Chana

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara. Na ga saƙonka kan kuɗin filin da ka sayar, wai in duba maka abin da za a zuba su ciki. To bari in faɗa maka abin da idona ya gani tukun.

Yiwu ɗin nan fa ba irin su Shangai ba ne, gari ne a lardin Zhejiang, da can talakawa ne tilis, ƙasarsu ba ta wani noman kirki, yawo suke ƙauye ƙauye da alewa suna musanya da gashin kaza. Sai a 1982 hukuma ta ƙyale su suka kafa kasuwa. Yau babbar kasuwar garin, Futian, shago ya haura dubu 70, wallahi ka haɗa Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai ba su kama ƙafarta ba, ni dai sati na yi ina yawo ban gama ba sai da ƙafata ta kumbura.

Akwai wata mata da nake zuwa wajenta, zif kawai take sayarwa, ba komai sai zif, ba ta jin Turanci ni ba na jin yarensu, kalkuleta ce tafintarmu, ta danna ta miƙo in danna in mayar, ɗanta na gefe kan kwali yana aikin makaranta. Ribarta a kan guda ɗaya abin dariya ce amma katan ɗari ake ɗauka, kuma masana'antar tana nan bayan gari, yau ka yi oda jibi kaya na sito. Haka garuruwan kusa suke, Datang safa, Yongkang kayan ƙarfe da kofuna, kowa ya kama abu ɗaya ya riƙe.

Tunda na zo ban ji ƙarar janareto ba. Kuɗi kuwa ko mai gasa dankali a titi da waya ake biyansa, Alipay ko WeChat, babu zancen netwok ya ɗauke. Kwantena ta kama hanyar tashar ruwa ta Ningbo, kuma tun 2014 akwai jirgin ƙasa mai dakon kaya daga nan har Madrid ta Sifen.

Ba komai ne ya fi namu ba kam. WhatsApp da Facebook sai da dabara, naman halal sai ka nemi gidan abincin Musulmi, kuma irin bashin amana na Kwari, a ba ka dila ka biya bayan sallah, baƙo irina bai isa ba, sai ka ajiye kafin alƙalami. Ni ma an taɓa ni, na yi odar filas, samfurin da aka nuna min garau, da kaya suka iso rabi ba sa riƙe zafi, laifina ne da ban buɗe katan katan ba kafin a loda.

Shawarata kar mu ɗauko kwantenar takalma ko atamfa, kowa shi yake yi, dala ta motsa kafin kaya su iso Kano riba ta tafi. Gara ƙaramin inji, na safa ko na leda, mu kafa a Sharada ko Dakata mu ma mu kama abu ɗaya, tunda ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, inda ake sauke kwantena, an buɗe a 2023. Amma fa injin nan wuta yake ci, abin da matar zif ba ta taɓa sawa a lissafi ba shi ne zai cinye mu, don haka kafin in tambayi farashi ka binciko min hayar sito da kuɗin sola da na dizal na wata guda, sannan ka samo yaro mai hannu wanda zai iya gyara in ya tsaya. In ka haɗa ka turo min, ranar Juma'a bayan masallaci zan leƙa wajen masu injin. A gaida Hajiya, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.