Rokar gwaji ta farko: wacce za ka saya, da wane inji?

A jikin kwalin kowace ƙaramar rokar gwaji akwai lamba da aka rubuta ɓaro-ɓaro, wato nisan da za ta kai a sama. Ita ke fara ɗaukar idon mai saye, alhali ga wanda zai fara, ba ta da wani amfani sosai. Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce: ina zan harba ta, kuma yaya girman wurin? Daga amsar za ka san injin da ya dace, daga injin kuma ka san rokar.

Ƙungiyar masu sha'awar harba ƙananan rokoki ta Amurka, NAR, wadda aka kafa a 1957, ta tanadi ƙa'idojin kariya da ake bi a ƙasashe da dama. Injuna aji-aji ne gwargwadon ƙarfinsu, kuma a cikin ƙa'idojin, injin aji A yana buƙatar fili mai faɗin aƙalla mita 30, aji B mita 60, aji C kuwa mita 120. Kuma fili ne fetal, ba bishiyoyi, ba wayoyin lantarki, ba busasshiyar ciyawa. Idan abin da kake da shi filin ƙwallo ne, to A da B ne naka, ka bar C tukuna.

Injin kansa ɗan bututun kwali ne mai ƙarfi, cike da albarushi da aka danne a masana'anta, sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Wanda aka fi sani kaurinsa milimita 18, tsawonsa 70. Za ka ga an rubuta masa A8-3 ko B6-4 ko C6-5, kuma sanin karatun wannan rubutu ya fi komai muhimmanci a wajen saye. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin injin, kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: iyakar A nyutan-daƙiƙa (ma'aunin jimillar turi) 2.5, B 5, C 10. Lambar farko matsakaicin turin da yake yi ne. Lambar ƙarshe kuma daƙiƙoƙin da yake jira bayan turi ya ƙare, roka tana ci gaba da hawa da kanta, kafin wata ƙaramar fashewa ta tunkuɗo hancin rokar da laimar sauka waje. Idan jiran ya gajarta, laima za ta buɗe roka tana cikin gudu, igiyoyi su tsinke. Idan ya yi tsawo, ta riga ta juyo ƙasa da kai. Shi ya sa ba a zaɓen inji da ka, ana bin jerin da aka rubuta a kwalin. Wanda ya ƙare da sifili, kamar C6-0, na roka mai hawa biyu ne, wato wadda inji ɗaya ke kunna na biyu a sama, ba ya jira ko kaɗan; kada ka saka shi a taka.

Su kansu rokokin iri uku ne a kasuwa. Akwai haɗaɗɗiya, ka ciro daga kwali ka saka inji. Tana tashi lafiya, amma ban cika son ta ga mai son koyo ba, don ranar da wani abu ya karye ba zai san ta inda zai fara gyara ba.

Ta biyu ita ce mai fukafukan roba da aka ƙera su a haɗe, kamar Alpha III ta kamfanin Estes. Kai za ka harhaɗa mazaunin inji, ka liƙa igiyar roba mai riƙe hanci, ka ɗaura laima, amma fukafukan sun zo a miƙe tun daga masana'anta. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin karkataccen fiffike shi ne babban abin da ke ɓata tashin farko. Aikin yini ɗaya ne, ba fenti. Ga yaro ko babban da bai taɓa yi ba, ita nake zaɓa.

Ta uku mai fukafukan balsa ce, wani katako marar nauyi, irin su Alpha ta asali da Big Bertha. A nan ake jin daɗin aikin hannu. Za ka goge katakon da samfefa, ka ja layuka a jikin bututu, ka liƙa fiffike ɗaya da gam ɗin katako, ka riƙe shi da yatsu kana leƙawa ta baya har ya kama, sannan ka koma na gaba. Bayan sun bushe sai ka shafa siririn gam a gindin kowanne da kan yatsa. Jijiyar katakon dole ta bi gefen gaba na fiffiken, in ba haka ba ya ɓalle a saukar farko. Tana son haƙuri da kwana biyu ko uku saboda bushewa. Big Bertha tana da wata baiwa: kauri gare ta, kusan santimita 4, don haka tashinta a hankali yake, ido na biye da ita tun daga ƙasa har ƙololuwa. Siririyar roka a kan C6-5 takan haura mita 300, ta zama ɗigo, iska ta tafi da ita.

Maganar iska ta kawo mu kan abin sauka. Laima tana sauko da roka a hankali, fukafukai ba sa karyewa, amma duk daɗewarta a sama nisa take ƙarawa. Dogon ƙyallen leda mai kaɗawa yana saukowa da sauri kuma kusa, sai dai ga roka marar nauyi kaɗai ya dace. Mai ƙaramin fili zai iya yanke ɗan rami a tsakiyar laimarsa, saukar ta ƙara sauri. Iskar da ta wuce kilomita 32 a awa kuwa, ba a harbi a cikinta sam.

Sayen farko ya zama cikakken saiti, mai haɗe da dandamalin harbi, da sandar ƙarfe da ke saita roka, da farantin kare wuta, da na'urar kunnawa mai batir da makullin kariya. Wayarta tana ba ka tazarar kusan mita 5 da ƙa'ida ta nema. Waɗannan kayan za su yi maka aiki a kan rokoki da yawa nan gaba. Karanta kwalin da kyau, don sau da yawa injuna da batura ba sa ciki.

Kafin ka biya kuɗi, tabbatar kana iya samun injin ta halastacciyar hanya a inda kake. Kaya ne mai kama wuta, ba a shiga jirgin sama da shi, kuma dokar kowace ƙasa daban ce. Idan bai samu ba, kada ka ce za ka haɗa naka. Sha'awar nan gaba ɗaya ta ginu ne a kan guje wa hakan: a shekarun 1950 matasa na ta jikkata wajen haɗa sinadarai, sai Orville Carlisle ya fito da injin da ake saye a haɗe, Vern Estes kuma ya ƙera na'urar buga su da yawa ya kafa kamfaninsa a 1958. Rokar ruwa, ta gorar roba da famfon keke, tana koyar da yawancin darussan ba tare da wuta ba.

Ƙananan abubuwa biyu ne mutane ke mantawa. Na farko takardar da ba ta cin wuta, wadda ake cusawa tsakanin inji da laima. In babu ita laima za ta fito a narke, kuma takardar banɗaki ba ta maye gurbinta, domin kamawa take ta faɗo da wuta. Na biyu 'yan wayoyin kunna inji, ka sayi rara, don sukan ƙone ba tare da inji ya kama ba. Idan hakan ta faru, zare makulli, ka jira daƙiƙa 60 cif kafin kowa ya matsa kusa da dandamalin.