Lee Factory Crimp Die na .30-30: ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Jama'a duk mai ɗura harsashin .30-30 da hannunsa saboda Winchester 94 ko Marlin 336, wannan ɗan ƙarfen na kamfanin Lee Precision, mai matse bakin kwanso (gidan albarushin harsashi) ya riƙe kan harsashi, ya cancanci ya shiga cikin kayan aikinsa, ni dai tunda na ɗaura shi a injin matsi ban sake cire shi daga layi ba.

Matsalar bindiga mai liba irin waɗannan biyun ai a magazin take, wato ma'ajiyar harsasai. Bututu ne dogo a ƙarƙashin bakin bindiga, harsasai suna jere a ciki, hancin wannan yana tokare da gindin wancan daidai kan firaima, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, ga sifirin yana turo su daga gaba, ga bindiga tana shuri duk harbi. Shi ya sa tun 1895 da harsashin ya fito ake sa masa kai mai faɗin hanci ko mai zagaye, yawanci yanzu mai nauyin giren 150 ko 170, don mai tsini na iya tayar da na gabansa a cikin bututun. To amma ko kan ya yi daidai, in bakin kwanso bai riƙe shi gam ba, a hankali sai ya nutse ciki, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau, kuma wannan harsashin iyakar matsinsa psi 42,000 ne, ba shi da wani sarari na wasa.

Da can da ƙarfen dasa kai nake naɗe bakin, wanda ya zo cikin seti. Yana yi, amma sai kwansayen duk tsayinsu ya zama ɗaya cif. Kwanson .30-30 kuwa siriri ne, wuyansa dogo, in ɗaya ya ɗan fi tsayi sai ka ji hannun injin ya yi nauyi, ka ciro ka ga kafaɗa ta lotsa ta yi ɗan kumburi, shi ke nan ba zai shiga ɗakin bindiga ba, liba ta ƙi rufuwa. Abin da ciwo wallahi, musamman kwanson da ka wanke ka gyara.

Shi wannan na Lee ba daga sama yake dannawa ba. A cikinsa akwai wani zobe mai yatsu huɗu, in kwanso ya hau sai yatsun su matso daga gefe su rungume bakin cikin tsagin da ke jikin kan harsashin, kafaɗa ba ta ɗaukar nauyin komai. In ka leƙa ta sama kana ganin yatsun suna haɗuwa da idonka, in ka ciro za ka ga 'yan tabo huɗu a bakin kwanso. Saiti ba wuya, ka murɗa shi har ya taɓa mariƙin kwanso, ka ƙara rabin juyi, in kana son riƙo ya fi haka ka ƙara kaɗan kaɗan. Ni gwajina shi ne in tokara hancin harsashin a gefen benci in danna da ƙarfi sannan in sake awo, bai motsa ba, tsayi na nan ƙasa da inci 2.550 yadda ya kamata.

Sai dai fa a sani, mataki ne ƙari, kowane harsashi sai ya sake hawa injin, mai gaggawa zai ji jiki. Kuma kar wani ya ce ya huta da datse kwanso, bindiga mai liba ta baya take kullewa, kwanso yana miƙewa sosai, in ya wuce inci 2.039 dole a mayar da shi 2.029. Matsewa da yawa ma ba gwaninta ba ce, bakin kwanso zai riƙa tsagewa da wuri.

Maganar albarushi kuwa, wannan ƙarfen bai canza komai ba, littafin awo na masu yin albarushin shi ne abin bi, a fara daga mafi ƙaranci a hau a hankali. Mai bindiga mai ɗaukar harsashi ɗaya zai iya yi ba shi, amma mai cika bututu ya shiga daji bayan barewa, gaskiya ya saya.