Wurin mai tuwo ko gidan abincin zamani: ina za a kai baƙo a Katsina?

Ɗan'uwa, ka ce abokinka zai zo Katsina da maiɗakinsa da yara su kwana biyu, kana tambaya ko ka kai su wurin masu tuwo na cikin gari, ko kuwa gidajen abincin zamani irin na GRA da kan titin IBB. Duka biyun ina ci a cikinsu, amma ba buƙata ɗaya suke biya ba.

In ɗanɗano ake magana, mai tuwo ta yi gaba. Miyarta a kan itace take dahuwa tun hantsi, daddawa ta kama jikinta, kuka ta kaɗu ba gudaji. Ta ɗora maka malmala biyu ta tuwon shinkafa, ta zuba miya, ta kawo man shanu cokali guda ta sa a tsakiya, kana kallo yana narkewa. Nama kuwa da yatsa kake nunawa, ganda ko ƙafa ko kayan ciki, ta tsamo maka shi daga tukunya. Wannan ƙamshin hayaƙin ba a samunsa a miyar da aka ɗumama a kan gas. Sai dai ka je da wuri. Da an idar da azahar ma'aikata da 'yan kasuwa suka sauko, nama mai kyau ya ƙare, miya ta koma gindin tukunya.

To amma ka ce da iyali zai zo, a nan maganar ta juya. Rumfar mai tuwo benci ne da buta da robar wanke hannu, maza kafaɗa da kafaɗa. Matar aure ba za ta saki jiki ta ci abinci a wurin ba, kuma bai kyautu ka sa ta a wannan takura ba. Ga zafin Katsina in watan Afrilu ne, yaro ba zai jure ba. Gidan abincin zamani yana da tebur naku kaɗai, da sanyin AC in janareta na aiki, da banɗaki, a kuma karɓi transfa. Dafa-duka da kaza da soyayyen dankali, yara nan suka fi so. Tuwonsu dai sau da yawa a leda yake, ya huce ya yi tauri, kuma kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da mutum biyu ko uku a wurin mai tuwo.

Da ni ne, abincin rana na kai su gidan zamani gaba ɗaya. Da safe a aiki yaro da kwano ya sayo waina da miyar taushe a ci a gida. Ranar da za ku fita ku biyu, bayan kun leƙa Hasumiyar Gobarau, ka zaunar da shi a bencin mai tuwo. Bayan isha'i ku bi ta wajen Ƙofar Ƙaura a ƙulla muku balangu da yaji da albasa, ku kai wa uwargida da yara nasu tun da zafinsa.