Yaya, ga amsar tambayarka kan kaifin aska

Salam Yaya, da fatan kowa lafiya, a gaida mutan gida duka. Maganar askar nan mai ninkewa da kace in duba maka a nan Jamus, wai wacce tafi kowacce kaifi, toh na duba kuma na tambayi masu harkar, sai dai amsar ba lallai ta zo maka yadda kake so ba. Su a nan basa bin wadda tafi kaifi ido rufe, abin da suke so shine aska ta yanke gashi ba tare da ka danna ta a fata ba, in ta kai nan shikenan kaifi ya isa, sauran magana ta koma kan santsin bakin.

Bari in fara da kayan. Akwai wani gari da ake kira Solingen kusa da Dusuldof, nan ne cibiyar wuƙa da almakashi da aska a ƙasar, har doka ce ta kare sunan, baka isa ka buga Solingen a jikin ƙarfe ba sai in a can aka yi shi. Kamfanin Dovo tun 1906 suke aiki a garin, ga kuma Böker. Faransa suna da nasu garin wato Thiers, inda Thiers-Issard suke tun 1884. Na Shafil ta Ingila yawanci tsofaffi ne na hannu ake samu yanzu, masu kaurin jiki da nauyi, su kuma Japan suna da irin tasu kamisori wadda asalinta ko ninkewa bata yi. In ka riƙe na Jamus da na Faransa zaka ga yawanci an rarake gefensu sosai bakin yayi siriri har yana ɗan ƙara in yana cin gashi, tsofaffin na Ingila kuwa shiru suke tafiya, nauyinsu ke tura su. Amma duk cikinsu babu wadda ƙasar da aka ƙera ta ce ke bata kaifi, hannun da ya wasa ta ne.

Nan ne ma abin ya ɗan bani mamaki wlh. Ka sayi sabuwar aska dal a kwali amma ba dole bane ace ta shirya hawa fuska, da yawa washin masana'anta ne kawai, zata aske gashin hannu tas amma a gemu sai ta dinga figa. Shi yasa shagunan da suka san abin da suke yi sai sun ƙara wasa ta da hannu kafin su miƙa maka, akwai ma mutanen da sana'arsu kenan, ka aika musu ta gidan waya su wasa su dawo maka da ita. Kuma ba mai wasa wuƙar kicin ake kaiwa ba, injin da yake juyawa da gudu yana zafafa bakin ya kashe ƙarfen, dan Allah ko wa ya ce maka zai iya kar ka bashi.

Yadda suke washin, duwatsu ne na ruwa masu lamba, iya girman lamba iya laushin dutsen, yawanci na Japan irin su Naniwa da Shapton. Lamba 1000 shine na kafa baki, a nan ake sa gefen nan da gefen can su haɗu tun daga gindi har tsini, kuma duk wanda na ji yana bayani cewa yake aikin gaba ɗaya a nan yake, in bakin bai haɗu a 1000 ba ko ka kwana kana gogawa a dutse mai laushi ƙyalli kawai zaka samu. Daga nan a hau 3000 ko 5000 a share zanen da na farko ya bari, sai 8000, a nan aska ta riga ta isa aski, masu son ƙari su je 12000. Ana kwantar da ita ne gaba ɗaya, baya da baki duk suna taɓa dutsen, kaurin bayan ne ke bada kusurwa, wajen digiri 16 zuwa 17 in ka haɗa gefe biyun, kaga siririn baki ne sosai shi yasa baya son wasa.

Toh ga inda ra'ayi ya rabu. Akwai wani dutse ruwan ɗorawa na Beljiyam da ake haƙowa a yankin Vielsalm, sunansa kotikul, bakin da yake bayarwa bai kai na 12000 cizo ba amma mutane da yawa sun fi son shi saboda baya cin fata, yana yanke gashi ya wuce. Wasu kuma bayan 12000 sai sun ƙara da wani koren man goge ƙarfe ko garin daimon a kan fatar gogewa, wato fatar da ake goga aska a kai, bakin yayi kaifin da ko ka ɗan karkata hannu sai jini, kuma irin wannan bakin baya daɗewa, yayi siriri da yawa sai ya fara karyewa ƙanana ƙanana yadda ido baya gani, fuska ce zata gaya maka da raɗaɗi. Ni dai ina ɓangaren masu kotikul ko 8000 da aka gama da kyau.

Shagunan aski ma sun nuna min haka. Yawancin masu askin gemu a nan Turkawa ne da Larabawa, kuma kusan dukkansu ba askar gaske suke riƙewa ba, mariƙi ne mai kama da ita da ake saka rabin reza sabuwa a gabanka saboda tsafta, a cire a jefar in an gama. Rezar Feather ta Japan kowa ya san tafi kaifi, Derby ta Turkiyya bata kai ta ba, amma sai kaga mai aski ya zaɓi mara cizon don yasan fatar mutane ba ɗaya bace. Abin da suka fi bawa lokaci shine jiƙa gemun, tawul mai ɗumi, kumfa da burushi, minti biyu zuwa uku gashi yasha ruwa yayi laushi, busasshen gashi kuwa ko wace irin aska ka kawo sai ta ja.

Gwajin da ake yawan yi shine a riƙe silin gashi ɗaya a ɗora a bakin a ga ko zai tsinke da kansa, yana da amfani amma kar ka ɗauke shi kamar hukuncin alƙali, gashin wani siriri ne na wani kauri. Gwajin gaskiya ɗan wuri kaɗan a kumatu, ka ja fatar da ɗayan hannun, askar a kwance kusan digiri 30 ko ƙasa da haka, ba dannawa. In ta wuce gashi ya zube toh ta yi. In kaji tana figa ko idonka ya kawo ruwa, bata kai ba. In kuma ta aske tas amma bayan ka wanke fuska wurin yana zafi yayi ja, ko dai bakin yayi kaushi ko ka miƙar da ita da yawa tana kankare fata.

Fatar gogewa kuma dole ce kafin kowane aski, kamar sau 40 zuwa 60, baya ne ke gaba baki na bi, a juya ta kan bayanta ba kan baki ba. Ita fata bata cin ƙarfe, miƙar da bakin take yi. Da ita aska zata yi watanni bata koma kan dutse ba, in dai ana share ta a busar, don ƙarfen nan tsatsa yake kamawa nan da nan.

Sai abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye Yaya, gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa sosai musamman aka bi shi ta baya, tsinin sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata, shine kurajen nan na wuya da ƙarƙashin haɓa. Dakusasshiyar aska tana kawo su saboda sai ka maimaita wuri ɗaya kana dannawa, mai mugun kaifi ma tana kawo su in kana neman fuska tayi sumul. Ka bi yadda gashin ya kwanta, wucewa ɗaya, in ya kama biyu, ka bar wuyan haka.

In zan zaɓa maka, mai faɗin 5/8 na inci mai zagayayyen kai zan ɗauka, wadda aka riga aka wasa da hannu, in haɗa da fatar gogewa, dutse kuma a bari sai hannunka ya saba. Ka gaya min in haka yayi maka sai in nemi mai tahowa, a jakar da ake aunawa za'a saka ta don basa bari a shiga jirgi da ita a jakar hannu.