Hanya 31 ta koma ɗaya: aikin masu gyaran rezo da muka ɗauko daga Yamai

Ni ke kula da ordinatoci da rezo, wato layukan da ke haɗa su, a wani kamfanin sayar da taki, iri da maganin dabbobi a nan Tawa. Muna da babban biro da sito a cikin gari, sai kantuna bakwai: Ƙonni, Galmi, Madawa, Buza, Keita, Illela da Abalak. Abokan sana'a sun sha tambayata ko mutanen da suka zo mana daga Yamai sun iya aiki, kuma ko kuɗin da muka biya ya hau. Amsa ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan kamfanin nasu ban sa ba, domin zan faɗi alherinsu, zan kuma faɗi inda suka gaza. Ƙaramin biro ne, mutum biyu suka zo: injiniya mace, wadda kowa ke ce wa Madam, da wani saurayi mai taimaka mata.

Ga yadda muka kai ga nemansu. Alhaji, mai kamfaninmu, ya haɗa jari da wani ɗan kasuwa na Yamai, aka ce lissafin kaya ya zama ɗaya, kowane kanti ya riƙa shiga babbar ordinatar da ke can. Na'urorinmu masu rarraba hanya, waɗanda muke kira rutar, tsofaffin Cisco ne kuma da wani yaren na'urori mai suna EIGRP suke gaya wa juna hanyoyin da saƙo zai bi. Na Yamai kuwa gauraye suke, akwai Cisco akwai MikroTik, kuma MikroTik ba ya jin EIGRP, don haka OSPF suke amfani da shi. Yare biyu ke nan. Dole a sami na'ura a tsakiya mai jin duka biyun, ta riƙa juye hanyoyin wannan ɓangare cikin wancan. Mun sa guda biyu a iyaka: ɗaya a kan babban layinmu na Yamai, ɗaya a kan layin ko-ta-kwana.

Ni na fara yin juyen da hannuna. Daren farko ko hanya ɗaya ba ta shigo daga Yamai ba, saboda EIGRP ba ya karɓar baƙuwar hanya sai an yanka mata awo na farawa, in ba haka ba yana ɗaukar ta a matsayin wadda ba ta kaiwa ko'ina. A ɗaya gefen kuma na bar kalmar subnets, wadda tsofaffin Cisco ke buƙata kafin su juye ƙananan yankunan adireshi cikin OSPF. Na gyara waɗannan, hanyoyi suka kwarara, na ɗauka an gama.

Sai bazara ta shigo. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a Keita, ya dawo, ya ɗauke a Buza, kafin a tada gurup layi ya faɗi ya tashi. Kullum da rana mai kes na Abalak yana kira: "Malam, ga mutane a tsaye da kuɗinsu, faktir ta ƙi fita." Ana daf da damina, lokacin da manomi ke sayen taki, kuma wanda ya zo daga ƙauye a kan amalanke ba zai kwana yana jiran rezo ba. Na duba na duba, abin da na gano ya fi ba ni tsoro: saƙon da ya tashi daga bironmu zuwa Abalak wani lokaci sai ya bi ta Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, sannan ya juyo. Wata rana ma ba ya juyowa. Na shaida wa Alhaji cewa abin yana son wanda ya fi ni sani, ya ce in nemo.

Abin da ya fara sa na yarda da Madam shi ne ranar farko ba ta taɓa saitin ko na'ura ɗaya ba. Ta sa na buga mata jadawalin hanyoyi na rutar biyun nan na iyaka a takarda, ta fita tsakar gidan biro, ta zauna kan tabarma a inuwar dogon yaro da littafin lakwal mai gida-gida da bik ja. Mai gadi ya ɗora shayi. Kafin a sauke na biyu ta zagaye layi guda da ja ta ce: "Malam, zo ka ga ɓarawonka."

Kantin Abalak ba ya cikin EIGRP kai tsaye, hanyarsa da hannu aka rubuta sannan aka juye ta ciki, saboda haka baƙuwa ce. Cisco yana ba kowace hanya lambar amana, kuma ƙaramar lamba ita ke cin nasara: hanyar gida ta EIGRP 90, ta OSPF 110, baƙuwar EIGRP kuwa 170. To rutar ta farko ta juye Abalak cikin OSPF, labarin ya zagaya Yamai ya dawo wa rutar ta biyu da lamba 110. Ita kuma tana riƙe da ta gaskiya mai 170. Sai ta saki ta gaskiya ta kama jita-jita. Sauran kantuna shida ba su shiga wannan ba saboda 90 ta fi 110 amana. Wata uku ina kallon wannan allo ban gan shi ba.

Na zaci za ta ce a sauya lambar amanar kawai a wuce, kuma hakan yana yi. Ta ce za a iya, amma gobe wani ciwon zai ɓullo ta wani wuri, domin Yamai ta san abin da bai kamata ta sani ba. Hanya 31 muke tura musu, har da ƴan ƙananan adireshin da ke tsakanin rutar da rutar. OSPF kuwa kowace baƙuwar hanya sanarwa guda yake yi mata, irin wadda ake kira LSA ta 5, ya watsa ta ga na'urorin rezon, ya sabunta ta kowane minti 30, kuma duk faɗuwa da tashin Keita sai an sake shela. Na tambaye ta ko yawan ne ke gajiyar da na'urorin. Ta ce a'a, hanya talatin ba komai ba ce ga rutar, kar wani ya sayar mini da sabuwa a kan wannan dalili. Wannan magana ta ƙara mata daraja a idona, don da ta ce a sayi sabbi, da Alhaji ya saya.

Misalin da ta ba ni har yau da shi nake koya wa yaron da ke taimaka mini. Mai lodin kaya a tashar Wadata ta Yamai ba ruwansa da sanin ƙauyukan nan ƙasar Adar ɗaya bayan ɗaya. Buhu in na Tawa ne, ya jefa shi motar Tawa. In ya iso nan, mu muka san na Keita da na Buza. Dunƙule hanyoyi ke nan: Yamai ta san hanya ɗaya tak, "duk abin da ya fara da kaza, miƙa wa Tawa."

Amma ba a dunƙule abin da ke warwatse, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Adireshinmu kowane kanti da wanda mai haɗa shi ya ga dama. Madawa na kan 192.168.1.0, Buza ma a can take kafin in sauya mata bara, Illela na cikin 172.16, saura na cikin 10 ba tsari. Madam ta ja layi goma sha shida a littafinta, daga 10.20.0.0 zuwa 10.20.15.0. Biro 0, sito 1, kamarori 2, kantuna daga 3 zuwa 9, adireshin tsakanin na'urori duk a cikin 15, sai 10 zuwa 14 ta bari fili. Ta rubuta 0 da 15 da lissafin sifiri da ɗaya, 00000000 da 00001111, ta ɗora bik a kan sifiri huɗun farko da ba su sauya ba. Kowane gida na adireshi lamba takwas gare shi a wannan lissafi, don haka goma sha shida na gidaje biyun farko, wato 10 da 20, a ƙara huɗu, ashirin ke nan: 10.20.0.0/20. Na taɓa karanta wannan don jarrabawa, amma a kan tabarmar nan na fahimce shi.

Kwana uku muka yi a hanya ni da saurayin muna sauya adireshi kanti kanti. Yaro ne mai haƙuri. A Galmi, ga warin albasa ya cika kantin don sito ɗaya ne ya raba mu da masu ɗurin buhu, ya durƙusa ƙarƙashin teburin kes kusan awa guda yana neman inda aka kafe wa na'urar buga faktir adireshinta. Bai tashi ba sai da takarda ta fito, ya kuma manna ƴar takarda a jikin kowace na'ura da sabuwar lambarta.

Saitin kansa bai kai minti ashirin ba, bayan sallar isha'i da kantuna suka rufe. A ɓangaren OSPF, a kan rutar biyun na iyaka, ta sa summary-address 10.20.0.0 255.255.240.0. Ta ja hankalina cewa wannan umarni na baƙin hanyoyi ne da aka juye, area range kuwa na hanyoyin gida ne tsakanin yankunan OSPF, kuma mutane da yawa suna musanya su su zauna suna mamakin abin da ya hana aiki. Ta buga wa dunƙulalliyar hanyar tambari, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa saniya, ta kuma hana duk mai wannan tambari komawa cikin EIGRP. A ɓangarenmu kuma dunƙulewa a bakin kowace ƙofar rutar, inda layi ke fita, ake yinta, da ip summary-address eigrp, aka mayar da duk Yamai 10.10.0.0/16.

Ciwon Abalak ya warke ba tare da an taɓa lambar amana ba. Rutar tana fara duba hanyar da ta fi bayani dalla-dalla kafin komai, saboda haka /24 na Abalak, wato hanyar kantin shi kaɗai, ya riga /20 da ke zagayowa daga Yamai. Wani ciwon da ban ma san sunansa ba shi ma ya tafi. EIGRP in ya rasa hanya yana bin maƙwabta da tambaya, su ma su tambayi nasu, kuma in wani bai amsa ba cikin minti 3 sai a yanke zumunci da shi. A da, hanya in ta faɗi a Yamai, tambayar har Keita take zuwa a kan layi mai rauni. Yanzu rutar da ke tsakiyar biro dunƙulalliya kawai ta sani, nan take take amsawa, magana ta mutu a nan.

Yanzu inda suka gaza, kuma ya yi mini zafi. Rutar Cisco in ta dunƙule hanya tana buɗe wa kanta wani rami da ake kira Null0, inda take zuba saƙon da ya faɗo cikin dunƙulen amma ba ta san takamaimiyar hanyarsa ba. Amfaninsa shi ne kada saƙo ya yi ta kai da komo. Sai dai muddin yanki ɗaya daga cikin goma sha shida yana raye a wurinta, za ta ci gaba da ce wa Yamai "kawo duka." Layin Galmi a kan rutar ta biyu yake sauka, kuma waya ɗaya ce ta haɗa ta da sauran. Mako biyu bayan tafiyarsu, ranar Juma'a da la'asar, wayar nan ta lalace. Rutar ta farko ta ci gaba da shelar /20, amsoshin da Yamai ke aika wa Galmi suka riƙa zuwa wurinta suna faɗawa rami. A Yamai komai kore ne a allo, Galmi kuwa ba ciniki. Wannan haɗari sananne ne, ya kamata a ce sun faɗa mini shi tun kan tabarma. Na kira har sau shida ba a ɗauka ba, sai Asabar da hantsi. Da ta kira ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce: "Malam, laifina ne, na ga wayar ɗaya ce ban yi magana ba." Ta sa na ja waya ta biyu ta wata hanya daban, ta duba saitin daga can, ba ta karɓi ko dala ba. Na yaba da wannan, amma cinikin yammacin Juma'a da safiyar Asabar ya riga ya wuce.

Na biyu, takardun aikin da suka yi alkawari cikin mako guda sai da suka yi wata da kwanaki, bayan tuni uku. Da suka iso suna da kyau, da zane da kwafin saitin kowace na'ura, sai dai da a ce wani abu ya same ni a tsakanin nan, ba wanda zai san abin da aka yi in ban da hoton littafin Madam da ke cikin wayata.

Kuɗin aiki jika 450 na sefa, ban da mota da masauki da muka ɗauka. Alhaji ya ɗan ja da farko, ya ce ai bai ga sun kawo ko kwali ɗaya ba. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, a lissafa faktir nawa Abalak ta kasa bugawa a watan Mayu." Bai ƙara magana ba. A ganina kuɗin ya hau. Wanda zai ɗauke su, ya sa a rubuta abu biyu cikin yarjejeniya kafin a fara: lambar da za a ɗauka ranar hutu, da ranar miƙa takardu, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai sun iso. Ya kuma tambaye su baki da baki, in waya kaza ta yanke, ina saƙo zai faɗa.

Watan jiya Alhaji ya buɗe kanti na takwas a Tabalak. Na buɗe hoton littafin, na ba shi 10.20.10.0, na haɗa shi da biro. Ban kira Yamai ba, ba a taɓa ko na'ura ɗaya a can ba, kuma faktir ta farko ta fita kafin azahar.